Wayata a Hannun Auta

Jama'a, yau kam sai kun yi haƙuri da ni, don abin da zan faɗa muku ko Umma ban faɗa wa ba. Masu damuna da tambaya wai ina Malam Waƙafi ya shige, ku gyara zama. Waɗanda kuma yau suka fara leƙo mu, bari in kama hannunku in shigar da ku ɗakinmu tukuna.

Ɗaki ne mai taga ɗaya, shuɗin fentinsa ya koɗe ta wajen ƙofa. Akwai gadon ƙarfe, akwai kujerar roba da ƙafarta ɗaya ta tsage na ɗaure da waya, akwai fanka mai ƙara. A kan gadon ƙanwata ce, Auta, shekararta bakwai, wata biyar ke nan tana kwance rigingine. Ciwo ne ya kama mata ƙashin ƙugu. Likita ya yi aiki, aka ɗaure ta da filasta mai tauri daga ƙirji har idon sawun hagu, aka ce ba zama, ba takawa, sai ƙashin ya haɗe. Babanmu ya rasu tun tana goye. Umma kuwa a ɗakin wanki na wani babban otal take aiki, ta fita da sassafe, ta dawo ƙafafu a kumbure. Don haka ba a ma zauna shawara ba. Ni ce babba, na ajiye almakashina a shagon ɗinkin da nake aiki, na ce wa uwar ɗakina sati shida zan yi in dawo. Sati shidan ne har yau ba su ƙare ba.

Wanda bai taɓa jinyar yaro ba zai zaci magani da wanka su ne aikin. Ina! Aikin shi ne wunin kansa. Ƙarfe takwas mun gama karyawa, na goge mata jiki, na canza zanin gado, sai ta zuba mini ido ta ce, "Yaya, to yanzu me za mu yi?" Kuma sai ta sake tambaya kafin tara.

Babu abin da ban ƙirƙira ba. Na juye mata gwangwanin maɓallaina a kan faranti ta ware su launi-launi, har ta raɗa wa manyan suna ta aurar da su. Na ɗaura igiya daga kan gado zuwa ƙusar bango muna rataya zanenta da abin shanya. Na ciro madubin banɗaki na jingina shi a kan akwati, na yi ta karkata shi har ta iya hango titi daga kwance. Ta san lokacin da mai burodi ke wucewa, ta san matar da ke fita da takalmi a hannu sai ta kai bakin kwalta ta saka. Idan filastar ta dame ta da ƙaiƙayi, in kunna abin busar da gashi a kan iska mai sanyi in hura mata ta baki, tana kuka tana dariya. Watan farko 'yan ajinsu sun zo sau biyu, suka tsaya cirko-cirko a bakin gado, suka tafi. Ƙawayena ma haka. Yanzu sai dai in ga hotunansu a waya, an yi anko an je biki, ni kuwa ina cikin tsohuwar riga mai tabon maganin tari a ƙirji. Doguwar rigata mai ruwan zuma da na ɗinka da hannuna tana rataye a bayan ƙofa cikin leda, ko sau ɗaya ban saka ta ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai ranar da nake shiga banɗaki in saki famfo don kawai in yi minti biyar ba a kira sunana ba. Ina fitowa kuma kunya ta kama ni.

Mutum ɗaya ne bai ɗauke ƙafa ba. Aikinsa duba rubutu a maɗaba'a, shi ke bin littafi layi-layi kafin a buga. Dogo ne, siriri, kullum da biro biyu a aljihun gaba, kuma ko "ina kwana" zai turo sai ya sa mata alamar tambaya. Auta ce ta raɗa masa Malam Waƙafi, sunan ya bi shi har Umma ta kama. Shekararmu ɗaya da rabi tare. Duk Lahadi yakan zo da damin gefen takardu da injin ya yanke, farare ƙal, masu santsi, ya miƙa wa Auta kamar ya kawo zinare. Ranar da ta cika wata uku a kwance ya kawo mata fensir masu kala, guda ashirin da huɗu a cikin akwatin gwangwani. Da su take kwana.

To ga inda na ɗebo ruwan dafa kaina.

Ciwon ya kama Auta tana tsakiyar koyon haɗa baƙi. Littafin ajinsu ta haddace shi har da lambar shafi, ba karantawa take ba, rerawa take. Wata rana da hantsi, dabaru sun ƙare mini kaf, sai ga saƙonsa ya shigo. Na duba na ga babu abin kunya a ciki, na miƙa mata wayar.

"Karanta mini, hannuna da sabulu."

Ta kama wayar da hannu biyu a saman fuskarta. "Bar... ka... da... han... tsi. Ya... mai... ji... ki?" Ta zaro ido. "Yaya! Ni yake tambaya!"

Shi ke nan muka samu sabon littafi. Rubutunsa cikakke ne, ba ya gutsure kalma, ba ya cakuɗa harshe, ya fi na ajinsu daɗin bi. Kullum in zaɓi saƙo ɗaya ko biyu, waɗanda babu "hasken idona" a ciki, ta karanta. Daga nan ta ce ita ma za ta ba da amsa. Na riƙa faɗa tana dannawa da ɗan yatsa ɗaya: "Da sauƙi, mun gode." Idan ta yi kuskure na nuna mata yadda ake goge saƙo a sake. Cikin wata biyu yarinyar nan ta koma karanta takardar cikin kwalin magani. Ni kuma ina ta alfahari, ina cewa Umma, "Kin ga ɗalibata?" Idan zan shiga kicin da rana sai in bar mata wayar ta yi wasan jera 'ya'yan itace. Ko a mafarki ban kawo komai a raina ba.

Ranar wata Litinin wani saƙonsa ya shigo wanda ban ba ta ba. A tsaye na karanta shi, a jikin firij.

"Maɗaba'armu ta buɗe reshe a wani gari, tafiyar yini guda a mota, kuma ni aka ba riƙonsa. Ƙarshen wata zan tashi. Ina so mu tafi tare. Iyayena a shirye suke su zo. Idan ba zai yiwu yanzu ba, ki ba ni lokaci, in san abin da nake jira. Ba na so in tafi da shiru."

Na karanta ya fi sau goma. Likita ya ce saura aƙalla wata uku a cire filasta, bayan nan kuma koyon tafiya, wanda shi kansa bai yanke masa rana ba. Wane lokaci zan ba shi? Na rubuta, "Zan yi tunani," na kife wayar a kan firij, na koma ɗaki muka aurar da maɓalli.

Kwana biyu tsakani sai ga Gwaggo, yayar Babanmu. Ashe wata 'yar uwar Malam Waƙafi ce ta tsegunta mata. Ta shigo da mayafinta mai duwatsu da turarenta mai hawa kai, ta leƙa fuskar Auta ta ga ido a rufe, ta zauna a kujerar robar nan har ta yi ƙara.

"Ke yanzu tunanin me kike yi? Mutum ya zo da maganar arziki kin tsaya jan aji?"

"Gwaggo, ba jan aji ba ne. Wa zai zauna da ita?"

"Ji mini yarinya! Ke kika haife ta? A kawo ta gidana mana. Ga ɗakin baya nan babu kowa, a kunna mata talabijin ta wuni tana kallo. Yaro ai ba ya mutuwa don an bar shi shi kaɗai."

"Ba ta iya juyawa, Gwaggo. Duk bayan awa biyu sai an..."

"Shekararki ashirin da shida. Kin bar aikinki, kin bar ƙawayenki, dubi rigar jikinki don Allah. Ita za ta warke ta tashi ta yi gudunta, ke kuma a bar ki da kujerar roba. Maza irin wannan ba a bakin titi ake tsintar su ba."

Maganar kam ta sami wurin zama. Da Umma ta dawo na ba ta labari tana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi. Tana kallon robar ruwan ta ce, "Ni ba zan ce ki tafi ba, ba kuma zan ce ki zauna ba. Duk wanda na faɗa, na zalunci ɗaya a cikinku." Ta share ido da gefen ɗankwali, ta ce in miƙo mata tawul.

Daga ranar Malam Waƙafi ya ɗauke wuta. Ba barka da hantsi, ba ya mai jiki. Lahadi ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Na ce fushi yake, kuma yana da gaskiya. Na ɗauki waya zan kira ya fi a ƙirga, sai in tuna amsa yake jira, ni kuwa ba ni da ita, in ajiye. Ban taɓa sanin gidanmu yana da shiru haka ba. Fanka na ƙara, agogo na tafiya, wayar na kan akwati kamar dutse. Har kashe ta nake in kunna, wai ko layin ne.

Auta kuma ta zama wata iri. Maganin da sai na yi rawa na yi waƙa take sha, yanzu ta buɗe baki ta haɗiye. Ta daina tambayar me za mu yi. Idan na miƙa mata waya ta ce idonta na ciwo. Akwatin fensir ta ce in ɗora mata a saman kabad, wai ta gaji da zane. Wani lokaci in ɗago kai daga ninkin kaya in ga ta ƙura mini ido, muna haɗa ido ta ce, "Yaya, kin gaji? Ki kwanta, ba na son komai." Na taɓa goshinta na auna zafi, lafiya lau. An ce ruwa ba ya tsami banza, amma ni hankalina yana can wani wuri.

Kwana goma sha biyar aka yi haka.

Jiya Alhamis, bayan la'asar, ina yanke mata farce, sai na ji hannunta ya sandare a cikin nawa. Idonta na kan madubi.

"Mene ne?"

"Babu komai."

Kafin in juya aka ƙwanƙwasa ƙofar gida. Na san bugun, uku ne a jere sannan ɗaya. Na dubi rigar jikina, na dubi mai ruwan zuma a bayan ƙofa, na ga babu lokaci. Na zari mayafin Umma na yafa a kan tabon maganin.

"Yaya, kada ki buɗe."

"Ke, wane irin kada in buɗe?"

Na buɗe, Malam Waƙafi ne, ya rame. Farar riga ce a jikinsa mai dogon hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido, biro biyu na nan a aljihu, amma babu damin takarda a hammatarsa. Muka gaisa kamar baƙi. Ya zauna a bakin kujerar falo, ni na zauna a hannun ɗaya kujerar. Tsakanin falonmu da ɗakin Auta labule ne kawai, ko tari aka yi a nan ana ji a can.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Jibi zan tashi, da safe." Ya ciro wayarsa, ya ɗan jujjuya ta a hannu. "Na so in bi umarninki, na kuma bi har kwana goma sha biyar. Amma na kasa tafiya ban ji daga bakinki ba."

"Wane umarni?"

Ya miƙo mini wayar. Sunana ne a sama, hotona ne, ranar Laraba da ƙarfe biyu da kwata, lokacin da nake kicin bayan tafiyar Gwaggo.

"Ba zan je ba. Ina da aiki a gida. Auta ba ta iya juyawa ita kaɗai kuma tana tsoron ɗakin baya. Ka tafi kai kaɗai. Kada ka sake turo saƙo. Na gode da fensir masu kala."

Wallahi jama'a, sai da falon ya juya mini. Na ga ɗan yatsan nan ɗaya yana bin baƙaƙe a saman fuskarta. Wannan saƙon zai ci mata rabin awa. Ta rubuta, ta tura, ta goge daga wayata yadda na koya mata, na shigo da farantin shinkafa ta karɓa ta ce na gode. Ashe ranar da Gwaggo ke magana idon ne kawai a rufe. Kwana goma sha biyar yarinyar nan tana kwance da wannan abu a ƙirji, a ƙarƙashin filasta, ba ta da inda za ta gudu da shi, ko juya mini baya ba ta iyawa.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ji kamar in ɗaga labulen in yi mata tsawar da ban taɓa yi ba. Amma daga ɗakin ko motsi babu, har numfashinta na daina ji. Na san kunnenta na nan.

Na miƙa masa wayarsa. "Ni na rubuta."

"Ke kika rubuta."

"Ni ce."

Ya yi wani ɗan murmushi wanda bai kai ido ba, ya rage murya. "Fensir ɗin sun yi miki kyau?"

Na sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a kan mayafin Umma.

"Tun ranar na san hannun da ya rubuta," in ji shi a hankali. "Ban yi fushi da ita ba, ko kaɗan. Da ni ne a kwance, da abin da zan rubuta ya fi wannan. Abin da ya hana ni barci shi ne, na ce bari in yi shiru in gani, idan ba ra'ayinki ba ne za ki neme ni. Kwana ɗaya, biyu, sati. Ba ki neme ni ba."

Nan ya kama ni. Ina da bakin cewa ban san da saƙon ba, amma ba ni da bakin cewa ƙarya aka rubuta. Abin da na kasa faɗa ne yarinya 'yar shekara bakwai ta faɗa mini, har da godiya a ƙarshe. Kuma duk da haka ina son mutumin nan. Ina son sa har cikin ƙashina. Ina so in saka rigata in fita, in ga titi da idona ba ta madubi ba, a tambaye ni ya nawa jikin.

"Ban ce ki bar ta gobe ba," ya ce. "Ki ce mini wata shida, ki ce shekara. Ki ce mini wani abu in riƙe. Iyayena suna tambaya, ni kuma ban san me zan ce ba."

"Idan na ce shekara, ta zo ba ta taka ba fa?"



Sai muka ji murya daga bayan labule, 'yar siririya.

"Yaya."

Na miƙe.

"Yaya, ni ce na rubuta. Malam, ni ce, ba ita ba ce." Ta ja numfashi. "Ki bi shi. Ai na iya karatu yanzu. Ki jera mini littattafai kusa da hannuna kawai, zan zauna a ɗakin bayan. Ba zan kira kowa ba."

Ban san lokacin da na ɗaga labulen ba. Tana nan yadda na bar ta, rigingine, abin yankan farce a kan cikinta. Ta kawar da fuska wajen bango iyakar yadda wuyanta zai iya, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Na durƙusa a bakin gadon na ce, "Auta, dube ni."

"Ki tafi mana," ta ce wa bangon. "Na ce ki tafi."

Daga falo na ji ya miƙe tsaye, na ji takunsa ya zo daf da labule ya tsaya.

"Ina jira," ya ce. "Duk abin da kika faɗa yanzu, shi zan tafi da shi."

Na buɗe baki zan amsa masa, na yunƙura zan tashi, sai na ji an riƙe ni. Na duba ƙasa. Bakinta bai daina cewa in tafi ba, amma hannunta ya damƙe gefen rigata, ta nannaɗe shi a yatsunta har sau biyu.